Amsa ga ɗana kan yadda mutanen Masar na dā suke busar da gawa

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce ka ga gawawwakin sarakunan Masar 22 da aka yi wa rakiya zuwa sabon gidan tarihi a Alƙahira a shekarar 2021, kana son sanin dalilin da ya hana su ruɓewa, da kuma ko kafur ɗin da muke sa wa mamaci yana da dangantaka da wannan al'ada.

Ka fara riƙe wannan: a wurinsu aikin na addini ne. Sun yi imani cewa ran mamaci yana fita yana komowa cikin jikinsa, saboda haka idan jikin ya lalace, rai ya rasa masauki, kuma mutum ya halaka ke nan har abada. Tun da farko a cikin yashin hamada suke binnewa, zafinsa ya busar da gawa, amma da manyansu suka koma gina kaburbura sai gawa ta riƙa ruɓewa, dole suka nemi dabara.

Aikin yakan ɗauki kwana 70. Sukan zaro ƙwaƙwalwa ta hanci, su tsaga gefen hagu na ciki su fitar da hanta da huhu da tumbi da hanji, su adana kowanne a tulunsa. Zuciya kuwa sukan bar ta a ƙirji, domin a ganinsu ita ce mazaunin hankali, kuma ita za a ɗora a sikeli a lahira a auna ta da gashin tsuntsu. Daga nan sai su lulluɓe gawar da wani gishiri da suke haƙowa a Wadi Natrun, wani kwari a hamadar Masar, har kimanin kwana 40, ya tsotse ruwan jiki kaf. Wannan gishiri, ka sani, ɗan'uwan kanwar nan ne da ake kawo mana daga yankin Tafkin Chadi. Bayan ta bushe sai a shafe ta da mai da ƙaro, a naɗe ta da ƙyallayen lilin, ana cusa layu a tsakaninsu. Herodotus, Bagirken da ya ziyarci Masar a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce aikin iri uku ne, gwargwadon ƙarfin aljihun dangi.

Game da kafur, ba na so ka haɗa su. Mu ba ma tsaga mamaci, ba ma kuma neman jikinsa ya dawwama, domin mun gaskata cewa Wanda ya halicce shi daga ƙasa zai tashe shi ko da ya zama ƙura. Ruwan magarya na tsabta ne, kafur kuma na ƙamshi ne da girmamawa, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya umarci matan da suka wanke 'yarsa. Shi ya sa ka ga ranar da kakanka, Allah ya jiƙansa, ya rasu da asuba, kafin azahar mun yi masa wanka, mun sa shi a likkafani, mun sallace shi, mun kai shi makwancinsa.