Batirin jirgina ba ya kai wata biyar, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jirgin ruwa mai inji, ina ɗaukar fasinja da kaya a Yawuri. Batirin mota ɗaya gare ni, shi ke tayar da inji, shi ke riƙe fitilu da famfon kwashe ruwa, fasinja kuma suna cajin waya a jikinsa. Na sauya batir sau biyu a bana. Jabu ake sayar mini ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ban ce babu jabu a kasuwa ba, amma yadda ka bayyana aikin, ko na asali ka saya haka zai ƙare. Batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, inji ya tashi, nan take a mayar masa da abin da ya bayar. Kai kuwa tatsarsa kake yi a hankali dare da rana. Wannan aikin na batirin sola ne, mai farantai masu kauri a ciki, wanda ke jure a sauke shi a sake cikawa.

Sai batun caji, nan ne akasarin masu jirgi ke ruɗuwa. Ƙananan injunan da ake ɗaurawa a bayan jirgi, da yawansu abin da suke bayarwa bai wuce amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) 6 zuwa 10 ba, shi ma sai inji yana gudu sosai. Batir mai lamba 100Ah (lambar da ke nuna yawan cajin da yake ɗauka) idan ya sauka rabi, da amfiya 6 sai ya haura awa 8 kafin ya cika. Tsallake kogi na awa ɗaya ba zai yi ba. Batirin da kullum yake kwana bai cika ba, wani farin gishiri ne ke daskarewa a farantansa, daga nan ya daina riƙe caji. Zafin rana kuma yana ƙara gaggauta mutuwarsa.

Ka raba su biyu: na mota ga inji kaɗai, na sola ga fitilu da famfo da wayoyi. Ka ɗora faifan sola mai wat 100 a kan rumfa, ka haɗa shi da batirin sola ta kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji, kada ka jona kai tsaye. Idan ka sa makunnin sauya batir, kada ka mayar da shi kan kashewa inji yana aiki, yana ƙona na'urar caji.

Ka sayi ƙaramar mita mai auna bolt, wato ƙarfin wutar batir, ka riƙa aunawa da asuba kafin ka kunna komai. Bolt 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne, 12.2 rabi, kada ka bari ya gaza haka. Inji na gudu ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta, domin na san jarkokin fetur a cikin jirgi suke. Ka sa fiyus dab da kan batir mai alamar tarawa, ka daina murɗa waya da hannu. Batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka ka ɗaure shi a akwati mai shan iska, sama da inda ruwa ke taruwa, nesa da fetur. Ka goge kawunansa ka shafa basilin. Idan ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir za ka ƙara, ban da na kogi, ban da asid.