Tambaya da Amsa: Shin ciyaman na da ikon naɗa 'yan kwamiti shi kaɗai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, mun yi zaɓe kwanan nan, sabon ciyaman yana hawa ya rushe kwamitin binciken kuɗi da mu membobi muka zaɓa a babban taro ya zuba mutanensa, yanzu kuma wai shi zai naɗa kwamitin da zai fito da 'yan takara a zaɓe na gaba. Da aka yi magana a mitin sai ya ce ai ko a Abuja shugaban majalisar dattawa ne ke raba kwamitoci. Dan Allah yana da wannan ikon? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Toh, kafin komai ki ɗauko kundin tsarin mulkin ƙungiyarku, tunda ke ce sakatariya yana wajenki, ki buɗe inda aka rubuta ayyukan ciyaman ki karanta layi-layi. Amsar tana can. Kujerar ciyaman ita kaɗai ba ta ba mutum ikon naɗa kowa, ikon na babban taro ne, su ne suke ara masa, ko dai a rubuce cikin kundi ko ta ƙuri'a a ranar da aka kafa kwamitin. In kundin ya ce ciyaman zai naɗa kwamitoci, shikenan yana da iko ko an so ko ba a so. In kundin ya yi shiru kuwa, ba shi da shi sai abin da taro ya yarje masa.

Littafin da ƙungiyoyi suka fi jingina da shi a wannan fanni shi ne Robert's Rules of Order, wani hafsan sojan Amurka Henry Martyn Robert ya fitar da shi a 1876, bugu na 12 ya fito a 2020. Ba zai hau kanku ba sai in kundinku ya ambace shi, amma ma'auni ne mai kyau. A cikinsa ana iya cika kwamiti ta zaɓe, ko ciyaman ya kawo sunaye taro ya amince, ko a ba shi dama ya naɗa, ko a saka sunayen cikin ƙudirin kafa kwamitin, kinga duk hanyar da aka bi taro ne ya buɗe ta. Kuma wanda ya naɗa shi ne ke cirewa. Tunda ku kuka zaɓi kwamitin binciken kuɗin nan to ku ne kawai za ku sauke shi, sai dai ki duba ko wa'adinsu ya ƙare tare da tsofaffin shugabanni, domin yawanci haka ake yi, in ma ya ƙare ɗin sabon zaɓe ya kamata a yi, ba ciyaman ya zauna a falonsa ya rubuta sunaye ba.

Maganar Abuja da ya kawo, wallahi ita ce ma ta kayar da shi. Sashe na 62 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai ce shugaban majalisa ba, cewa ya yi majalisar dattawa ko ta wakilai na iya kafa kwamiti daga cikin membobinta, kuma majalisar ce ke yanke adadinsu da wa'adinsu da yawan da za su cika zama. Sashe na 60 ya ba kowace majalisa damar tsara dokokin zamanta, a cikin waɗannan dokokin ne aka yi kwamitin zaɓo 'yan kwamiti da shugaban majalisa ke jagoranta. Da shugaban majalisar dattawa Sanata Akpabio ya karanto shugabannin kwamitoci 74 a watan Agustan 2023, a majalisa mai sanatoci 109, da ikon da majalisar ta damƙa masa ya yi. Eh, kowa ya san ana amfani da rabon nan wajen saka wa 'yan gaban goshi, amma duk da haka kwamitin duba asusun gwamnati a al'ada ɗan adawa ake ba wa, saboda ba a ba kura ajiyar nama. Ko a Amurka da Nancy Pelosi, kakakin majalisar wakilai ta lokacin, ta ƙi karɓar 'yan majalisa biyu na adawa, Jim Jordan da Jim Banks, a kwamitin binciken harin da aka kai ginin majalisar dokokin ƙasar ranar 6 ga Janairu a 2021, ƙudirin da majalisar wakilai ta zartar ne ya ba ta ikon naɗin tun farko.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kwamitin fito da 'yan takara. Nan kam kar ku yarda. Littafin Robert ya fito fili cewa bai kamata ciyaman ya naɗa wannan kwamiti ba, kuma bai kamata ya zauna a cikinsa ba, shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke rubuta cewa ciyaman zai naɗa dukkan kwamitoci banda wannan. Mutum yana son tazarce ko yana da ɗan lelensa, kuma shi zai zaɓi masu tantancewa, ina zaɓe a nan?

Abin yi ba faɗa a guruf ɗin WhatsApp ba ne. Ki fito da minit ɗin taron da aka zaɓi tsohon kwamitin, da kwanan wata da sa hannu, ki sa maganar cikin ajandar mitin na gaba a sanar da membobi tun da wuri. Ranar, wani ya miƙe ya kawo ƙudiri cewa a maido da kwamitin da aka zaɓa, wani ya mara masa baya, a kaɗa ƙuri'a. In ciyaman ya ce ƙudirin bai halatta ba, mutum biyu sun isa su ɗaukaka ƙara zuwa ga taro, masu rinjaye su yanke. Sannan in kundinku ya yi shiru kan naɗin kwamitoci ku fara shirin yi masa gyara kafin zaɓe ya matso, ku bi yadda shi kansa ya tsara gyaran, yawanci sai an ba da sanarwa kuma an samu kashi biyu cikin uku.