Kumburin Ya Saɓe, Ko Baba Ya Warke Ke Nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 63, yana da ciwon suga da hawan jini. Bara ƙafafunsa suka kumbura, in ya kwanta numfashi ya gagara sai an tara masa matasai. A asibiti aka ce naman zuciyarsa ya raunana saboda jini ba ya isarsa. Yanzu kumburin ya saɓe, ya ce ya warke, ya ajiye magani. Kuma bai taɓa ciwon ƙirji ba, anya binciken daidai ne?
Daga wata mai karatu a Gusau

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ki lallaɓa shi ku koma wurin likitansa a makon nan.

Zuciya ma jini take ci, tana da jijiyoyinta da ke ciyar da ita. In kitse ya toshe su, wani sashe na namanta ya mutu ya zama tabo, wani kuma ya galabaita don yunwa. Sai bugun ya yi sanyi, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Lafiyayyar zuciya kan tura sama da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu. In hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura a asibiti, ya nuna ƙasa da kashi 40 cikin 100, ta raunana. Rashin ciwon ƙirji kuwa bai ba ni mamaki ba. Suga kan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, sai a yi ɓarnar shiru.

Abin da ya saɓar da kumburin maganin sa fitsari ne, irin su Lasix. Ruwa ya kwashe, bai taɓa tabon ba. Sauran ƙwayoyin, na sassauta bugun zuciya, na rage kitse da aspirin, su ne ke hana abin ci gaba, kuma su mutane suka fi saurin yarwa don ba a jin aikinsu a jiki. Wannan na damuna ƙwarai.

Ki duba ɗakinsa. In akwai diclofenac ko ibuprofen na ciwon gwiwa daga kemis, ki kwashe, suna riƙe ruwa. Gishirin yini guda kada ya kai ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen magi da kanwa duk cikin lissafin suke. A riƙa auna nauyinsa kowace safiya. In ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ko numfashi ya tashe shi da tsakar dare, a kai shi asibiti ranar, kada a jira ranar ganin likita.