Tsoffin Dauloli ko Ƙasashen Zamani: Amsa Ga Yarona

Ka tambaye ni ko ya fi dacewa ka gina sabon wasanka na dabarun yaƙi a kan ƙasashen zamani, irin su Amurka da Rasha da Sin da Indiya, ko kuwa a kan tsoffin dauloli irin su Rum da Farisa da Mali, ka kuma ƙara da cewa abokanka sun tabbatar maka 'yan wasa sun fi son ganin tutar ƙasarsu. Na so in ƙyale ka, domin abu ne da ya kamata ka gano da kanka tun shekararka ta farko a hannuna, amma tambayar ta fama mini wani tsohon gyambo, don haka ka saurara.

Shekarun baya na tsara wani wasa mai ɓangarori 8, dukkansu tsoffin dauloli, kuma har yau ban yi aikin da ya kai shi kyau ba. Wani kamfanin da ke fitar da wasanni kasuwa ya gani, ya yaba, muka ƙulla yarjejeniya a kan zai biya ni kashi uku. Bayan an biya kashi na biyu sai wakilinsu ya kira ni ta waya, ya ce masu kuɗin sun canza shawara, a mayar da daulolin ƙasashen yau, saboda wai haka kasuwa take so. Na ce masa wannan rushe gida ne a sake gini. Ya ce kada in damu, za a ƙara mini lada, kuma takarda tana nan tafe. Na yarda da maganar baka, ni da nake taƙama da gogewa, na shafe wata 14 ni da mutanena muna sake taswira da sojoji da tutoci, takardar kuwa har yau ba ta iso ba.

Da muka zo zana iyakoki na tambaye shi yadda za a yi da wani yanki da ƙasashe biyu ke jayayya a kansa, sai ya ce in bi taswirar da ke hannuna kawai. Na bi. Da aka kai wasan neman izinin sayarwa a ɗaya daga cikin ƙasashen biyu, wadda ita ce babbar kasuwar da suke hari, hukumar can ta ƙi amincewa saboda wannan layi guda. Nan take wakilin ya murje ido ya ce bai taɓa ba ni irin wannan umarni ba, kamfanin ya riƙe kashi na uku da sunan ni na jawo musu asara, ƙarin ladan kuwa aka ce a nuna inda aka rubuta shi. Daga aljihuna na sallami ma'aikatana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba a daɗe ba na ga tsarin kasuwancin da na ƙirƙiro a cikin wani wasa nasu, an canza masa suna, wasu yara sun ɗora sunayensu a kai.

Da na yi bincike tun farko da na san cewa na gaba sun faɗa wannan rami. Wasan Command & Conquer: Generals, wanda ya fito a 2003 da ɓangarori uku, Amurka da Sin da wata ƙungiyar 'yan ta'adda ta ƙirƙira, an haramta shi a Sin. A 2004 kuma hukumomin ƙasar suka haramta wasan Hearts of Iron saboda taswirarsa ta nuna Tibet da Manchuria da Xinjiang, yankunan da ke ƙarƙashin Sin, a matsayin ƙasashe masu cin gashin kansu. Ƙasar zamani tana da jakadu da lauyoyi da hukumar tace kaya da miliyoyin 'yan ƙasa masu saurin fushi a intanet, alhali Babila ba ta da wanda zai rubuto maka takardar koke.

Ko an ajiye siyasa gefe, ta fuskar sana'a ma ƙasashen yau wahala ne. Sojojinsu kusan iri ɗaya ne, tankar yaƙi da jirgin sama da makami mai linzami, sai dai bambancin fenti. Sannan kowane ɗan wasa ya riga ya san wace ƙasa ce ta fi ƙarfi, saboda haka idan ka daidaita Amurka da wata ƙaramar ƙasa za a ce ka yi ƙarya, idan kuma ka bar su yadda suke babu wanda zai zaɓi ƙaramar. Tsohuwar daula kuwa labarinta ya kammala, kana iya ɗaukar abu guda da ta shahara da shi ka gina mata hali a kai: Mongol da mahayan dawakai masu harbi da baka, Rum da rundunarta mai horo da hanyoyinta, Mali da zinariyarta, kamar yadda wasan Civilization IV ya yi da Mansa Musa a 2005. Ba zan tsaya koya maka yadda ake lissafa kuɗin horar da soja ko saurin tara dukiya ba, wanda bai iya wannan ba ya nemi wata sana'a.

Na san za ka kawo mini hujja da Civilization na farko, wanda Sid Meier ya fitar a 1991, inda Amurka ke fara wasa tare da Masar da Babila tun shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa. Haka ne, amma wannan wasa bai zana iyakar kowa ba, suna da shugaba kawai ya ara ya zuba su a duniyar da kwamfuta ke ƙirƙira. Duk da haka rashin dacewar ya ci gaba da damun masu tsarawa, har wasannin Humankind a 2021 da Civilization VII a 2025 suka koma sa ɗan wasa ya riƙa canza al'umma daga zamani zuwa zamani.

Kada kuma ka ɗauka duk abin da ya tsufa ba shi da mai shi. Masu Civilization V sun yi niyyar saka mutanen Pueblo, wata al'umma ta 'yan asalin Amurka, amma da dattawansu suka nuna rashin amincewa sai aka janye, aka saka wata al'ummar 'yan asalin, Shoshone, a 2013. A 2018 wani shugaban al'ummar Cree, 'yan asalin Kanada, ya fito fili ya soki yadda aka saka tsohon shugabansu Poundmaker a Civilization VI ba tare da an tuntuɓe su ba. Age of Empires II ma a 2022 ya raba ɓangaren da ya daɗe yana kira Indiyawa gida huɗu, domin cusa yanki mai faɗin haka a suna ɗaya rashin adalci ne ga tarihinsa. Ku yaran yanzu kuwa, da kun karanta shafi biyu a waya sai ku ce kun san daula, ba ku da haƙurin zama da littafi ko na mako ɗaya.

Saboda haka ka ɗauki tsoffin dauloli, kada su wuce 6 a wasanka na farko, kuma ka karanta tarihin kowace kafin ka zana mata soja ko ɗaya. Idan wani mai kuɗi ya matsa sai ƙasashen zamani, ya turo maka taswirar da yake so da sa hannunsa a kan kowace iyaka, ya kuma biya ladan canjin kafin ka kunna kwamfuta. Ranar Litinin ka kawo mini jerin daulolin da ka zaɓa da dalilin kowace, a rubuce.