Zauren Mai Hoto: Ƙaramar Kyamara da Ƙurar Hunturu

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu guda suka faɗo, wato ƙaramar kyamarar nan ta aljihu, wadda ba ta neman komai a wurinka sai ka saita ka danna. Da na ɗauka waya ta riga ta yi mata jana'iza. Sai ga yaran yanzu suna tono ta daga ƙasan akwatunan iyayensu, wai launinta ya fi na waya daɗin kallo, suna ta ɗora hotunan a Instagram. Ni da na fara sana'ar nan da fim a wani ɗan shago a Tudun Wada, ba ni da bakin yi wa kowa dariya a kan son tsohon abu. Mu je ga tambayoyin.

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba. Mahaifina ya ba ni kyamararsa Canon IXUS da ya sayo a Saudiyya shekarar da ya sauke farali. Lafiya lau take aiki har ranar da muka je Ƙofar Gamji da ƙawayena. Tun daga ranar, in na kunna sai hancinta ya fito rabi, ta yi ƙir-ƙir, ta rubuta "Lens error", ta mutu. Yayana ya ce in kawo ya tura hancin da ƙarfi ya koma ciki. In ba shi?
Ɗaliba, Unguwar Rimi

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, ɗauke kyamarar daga inda hannun yayanki zai kai. Hancin nan da kike gani bututu ne biyu ko uku, wani cikin wani, kuma ɗan ƙaramin moto ne ke tura su ta kan wasu haƙoran roba da ba su kai ƙwayar gero ba. Da an danna da ƙarfi haƙoran ke karyewa, ciwon da ɗan magani zai warkar ya koma na tiyata.

Masu tsofaffin Canon sun san wannan cuta da sunan E18, don lambar da ke fitowa a allo ke nan. Galibi ko yashi ne ya shiga tsakanin bututun, ko kyamarar ta faɗi hancin yana waje, ko kuwa ta kunna kanta cikin jaka, hancin ya nemi fitowa ya rasa hanya. Tunda Ƙofar Gamji da kuka je a bakin kogi take, ga kuma hunturu, ni yashi nake zargi. Ƙurar da muke sha a garin nan na Kaduna daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ta bar agogo ba, balle abin da ke shiga yana fita sau talatin a yini.

Fara da cika batirin taf, don batir mai rauni ma yakan bar hancin a tsakiyar hanya. Cire shi tare da katin ajiyar hotuna, ki jira kamar minti guda, ki mayar da batirin kaɗai ki kunna. In ba ta saki ba, kifa ta, hancin yana kallon ƙasa, ki ɗan bubbuga gefenta a tafin hannunki a hankali, kamar mai tashin jariri. Sannan ki nemi 'yar robar nan mai hura iska irin ta masu gyaran agogo, ki hura kewayen bututun. Kada ki hura da baki, tururin numfashi yana mayar da ƙura laka. Siririyar takarda ma in aka zura ta a tsagar aka zagaya da ita takan fito da ƙwayar yashin.

Amma ki dubi hancin ta gefe tukuna. In ya karkace ko da kaɗan ne, to faɗuwa ta yi, wata daga cikin ƙawayen ba ta gaya miki ba. Wannan sai mai gyara, kuma ki ji kuɗin aikin kafin ya kwance ko sukuru ɗaya, domin sau da yawa hancin gaba ɗaya ake cirowa daga wata matacciyar kyamara irinta a dasa.

Kada kuma wani ya ce zai buɗe ta a gida. Ni na taɓa yi. Na cire batir, na ɗauka ba sauran wuta, yatsana ya kai wajen filashi, sai da sukundireba ta yi tsalle ta faɗa kofin shayina. Akwai wani ɗan tulun ajiyar wuta a ciki, masu gyara suna ce masa kafasita, yana riƙe wajen bolt 300 ko bayan an cire batir.

TAMBAYA: Malam, tawa Nikon Coolpix ce mai cin batir biyu irin na rediyo. Sabo fil nake sa mata daga shagon unguwa, amma hoto biyar ko shida sai ta ce batir ya ƙare. Abin haushi, in na cire su na sa a rediyo sai su yi sati suna magana. Kyamarar ce ke shan wuta ko me?
Mai shagon ɗinki, Rigasa

AMSA: Malam, kyamararka ƙalau take, abincin da kake ba ta ne bai kai ba. Rediyo kurɓa yake yi kaɗan-kaɗan, ita kuwa kyamara kwankwaɗa take yi lokaci guda: ga allo, ga moton hanci, ga filashi da ke neman a cika masa tulu bayan kowane hoto. Batirin arha na tocila da rediyo ba ya iya ba da wuta mai yawa a tashi ɗaya, shi ya sa ƙarfinsa ke faɗuwa, kyamara ta ce ya mutu alhali da sauran ransa.

Wanda aka rubuta wa alkalin a jiki ya fi wancan, amma gaskiyar magana ka sayi masu caji, waɗanda aka rubuta NiMH, guda huɗu da cajarsu, biyu a ciki biyu a aljihu. Za ka ga an rubuta bolt 1.2 maimakon 1.5, kada wannan ya tsorata ka, sun fi jure nauyi nesa ba kusa ba. Ni Eneloop nake amfani da su, waɗanda kamfanin Sanyo ya fito da su a 2005, yanzu suna hannun Panasonic. Abin da ya sa nake son su, in ka caje su ka ajiye wata da watanni za ka tarar da wutarsu. Ka kuma lura da lambar mAh, wato yawan wutar da batir ke ɗauka: na gaskiya a wannan girman suna tsakanin 1900 zuwa wajen 2700. Duk wanda ka ga an rubuta masa 4000 ko fiye, mai rubutun ne kawai ya ji daɗin alƙalaminsa.

Shiga jerin saituna, irin taka tana da wurin da ake gaya mata wane irin batir aka sa, ka zaɓi daidai. Kada ka haɗa tsoho da sabo. In za ka ajiye ta fiye da 'yan makonni ka cire su, don batir in ya yi amai a ciki farin garin da yake fitarwa yana cin ƙarfen. In ya riga ya yi, goge bakin ƙarfen da abin goge fensir.

TAMBAYA: Yallaɓai, na sayo kati mai giga 64 don bikina da ke tafe, kyamarar ta ƙi shi. A kwamfuta kuwa yana buɗewa. Kyamarar ta wajen 2005 ce. An cuce ni ne?
Ango mai jiran gado, Kawo

AMSA: Allah ya sanya alheri, ango. Ba a cuce ka ba, katin ne ya yi wa kyamarar ƙuruciya. Katin SD na asali a giga 2 ya tsaya. A 2006 aka fito da SDHC mai kaiwa giga 32, a 2009 kuma SDXC, wanda naka ke cikinsu. Jikinsu ɗaya, yarensu daban, kuma kyamarar 2005 na farkon kaɗai take ji. Nemi mai giga 2 ko 1, ya yi wuya yanzu amma masu sayar da tsofaffin kayan waya da kwamfuta ba sa rasawa. A irin kyamararka giga 2 zai ɗauki ɗaruruwan hotuna, ya ishi kamu da ɗaurin aure. Ka yi masa fomat a cikin kyamarar, ba a kwamfuta ba.

Ga sauran masu karatu: in ta ce kati a kulle yake, ɗan makunnin da ke gefen katin ne ya zame ƙasa, tura shi sama. Masu tsofaffin Sony kuma Memory Stick suke ci, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuwa xD, kada ku wahalar da kanku da SD.

TAMBAYA: Malam mai hoto, an yi sunan jikata, bayan magariba aka yi ta ɗaukar hoto a tsakar gida. Da aka wanko sai ga wasu fararen da'irori kamar kumfar sabulu suna shawagi a kan mutane, ɗaya ma a goshin jaririyar. Wata 'yar'uwata ta ce mutanen ɓoye ne suka halarci sunan, har tana cewa a nemo malami. Hankalina bai kwanta ba.
Hajiya, Malali

AMSA: Hajiya, Allah ya raya, ya ɗayyaba. Addu'a dai ba ta faɗuwa ƙasa banza, a yi ta yi wa yarinya. Amma waɗannan baƙin na san su, mun daɗe tare: ƙura ce.

A ƙaramar kyamara, tsakanin filashi da idon kyamarar bai fi faɗin yatsu biyu ba. In filashi ya tashi, abin da ya fara haskawa shi ne ƙurar da ke yawo dab da idon. Ita kuwa kyamarar ta riga ta kafa ganinta a kan mutanen da ke can gaba, saboda haka kowace ƙwayar ƙura sai ta fito a baje, fara, a zagaye. Tsakar gida, ga mata suna kai da kawo, ga yara na guje-guje, ga hayaƙin murhu, ai in ba su fito ba ne ma zan yi mamaki. In kina son 'yar'uwar taki ta gamsu, ki sa yaro ya kakkaɓe tabarma da daddare a ɗauka da filashi. Za ta ga taron da ya fi na sunan.

Wannan kusancin ne kuma ke sa idon mutum ya fito ja a hoto, hasken ya shiga har ƙasan idon ya dawo.

Maganin: a yayyafa ruwa a tsakar gida kafin a fara. In da fitila mai haske, a kashe filashin ɗungurungum, maɓallinsa shi ne mai hoton walƙiya, a danna har a ga an ja mata layi. Sai dai in an kashe shi kyamara na buƙatar a riƙe ta cik. A ɗora ta kan turmi ko kujera, a sa mata agogon nan na daƙiƙa 2, don girgizar danna yatsa ta lafa kafin ta ɗauka.

Tunda maganar ta zo, filashin ƙaramar kyamara bai wuce mita uku zuwa huɗu ba. Ina ganin mutane a Dandalin Murtala suna ta walƙa shi wai za su ɗauko abin da ke tsakiyar fili. Hular wanda ke gabansu kawai suke haskawa.

TAMBAYA: Baba, ranar Sallah na ci kwalliya da farar shadda, abokina ya ɗauke ni bayan an sauko Idi. Rigar ta fito har aikin wuyan, amma fuskata baƙi ƙirin, haƙora kawai ake gani. Ni kuma ba haka nake ba.
Matashi, Badarawa

AMSA: Ɗana, na yarda ba haka kake ba. Kyamara ba ta san ranar Sallah ba, ba ta san wane ne mai rigar ba. Tana auna hasken da ke gabanta ne gaba ɗaya ta nemi tsaka-tsaki. Da ta ga farar shadda ta cika hoto, ga sararin sama fes a bayanka, sai ta ce haske ya yi yawa ta rage, fuskarka ta biya kuɗin. Wannan shi ne ciwon kan kowane mai hoto a ƙasar nan: baƙar fata cikin fararen kaya, rana tsaka.

Fitar da ita daga Auto ka kai ta kan P, ka nemi alamar +/-, ka ɗaga zuwa +0.7 ko +1. Rigar za ta ɗan yi fari fiye da kima, amma ai ba rigar za a kai wa surukai ba. Wata dabarar, wadda na fi so, ita ce kunna filashi da rana tsaka, a tilasta masa ya tashi, abokin naka ya matso kamar taku uku. Shi zai cike duhun da ke ƙarƙashin hula da kwarin ido. Ko kuma ku koma inuwar darbejiya, ka fuskanci wajen da haske ke fitowa. Ka kuma gaya masa ya daina danna maɓallin lokaci guda kamar mai kashe sauro: rabi ake dannawa, a jira ta yi ƙit, akwatin ya koma kore a kan fuska, sannan a ƙarasa.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara biyar ya samu kyamara ya goge hotunan bikin ƙanwata kaf, ban riga na kwashe ba. Shi ke nan sun tafi?
Maman yara, Barnawa

AMSA: Baiwar Allah, cire katin yanzu-yanzu, kada a sake ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa. Gogewar kyamara kamar a soke sunan ɗalibi ne daga rajista alhali yana zaune a aji. Hotunan suna nan, sai an kawo sababbi an zaunar a kujerarsu suke ɓacewa. Ki sa katin a abin karanta kati a haɗa da kwamfuta, a yi amfani da manhajar PhotoRec ko Recuva, duka biyun ana samunsu kyauta. In kin kai wa masu kwamfuta ne, ki tsaya a kansu ki tabbatar abin da aka ceto a kwamfutar ake zuba shi, ba a kan katin ba, don nan ne masu gaggawa ke ɓata aikin. Sunayen hotunan za su iya canjawa, jerinsu ya hautsine, wannan ba komai.

Shi kuwa yaron a yi masa afuwa. In sun dawo, shiga wajen kallon hotuna ki nemi alama mai kama da ɗan makulli, ki kulle na bikin ɗaya bayan ɗaya. Maɓallin kwandon shara ba ya taɓa hoton da aka kulle, amma fomat yana share shi, saboda haka a kwashe su a kwamfuta tun a ranar.