Kakata ta rasu a ƙauye, ta yaya zan haɗa tarihinta?

Tambaya: Malam, kakata ta wajen uwa manomiya ce a wani ƙauye kusa da Funtuwa, ta rasu bara. Ba ta da takardar haihuwa, hotonta ɗaya tak gare mu. Ina so in rubuta wa 'ya'yana tarihinta. Daga ina zan fara?

Amsa: Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta. 'Yar'uwa, ki fara da tsofaffin matan da suka rage a ƙauyen, kuma kada ki jira sai an yi biki ko rasuwa. Maza za su ba ki salsala, wane ya haifi wane, amma wadda ta san rayuwar kakarki ita ce ƙawarta ta ƙuruciya, da kishiyarta in tana raye, da ƙanwar mijinta. Su suka ga lefenta, su suka yi mata zaman jego.

In kin je, kada ki ce "a wace shekara aka haife ta?" Za a ce miki Allah masani. Mutanen karkara da abin da ya faru suke lissafi. Ki tambaya ko ta yi wayo lokacin da Sarkin Katsina Dikko ya rasu Usman Nagogo ya hau, wato 1944. Ko tana goyon wa aka kashe Sardauna a 1966. Ko auta ya fara tafiya da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira a 1973, shekarar da fari ya ƙone gonaki. Abu biyu ko uku irin waɗannan sun isa. Misali, in an ce tana amarya Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, 1956 ke nan. 'Yan matan ƙauye a lokacin kuwa akan aurar da su suna da shekara 13 zuwa 15, sai ki sa haihuwarta a farkon shekarun 1940. Ki rubuta "wajen", kada ki ƙaga rana da wata.

Sunanta ma shaida ne. Talatu ko Lami sun gaya miki rana, Azumi da Tasallah sun gaya miki wata, Marka kuwa tsakiyar damina. Ki lura da alkunya: tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko ɗan farinta ba, don haka ki tafi da wanda zai warware miki "mai gidan" da "yaron nan".

Inda nake so ki fi daɗewa shi ne aikinta, domin nan ne jikoki suka fi yin sakaci, su rubuta "ta yi haƙuri" su wuce. Ki tambaya ko tana fita gandun gida ko tana kulle. Tana da gayaunarta? Me take shukawa, gyaɗa, wake ko kuɓewa, kuma wa ke riƙe kuɗin? Ƙasarku ƙasar auduga ce, da wuya a ce ba ta yi kaɗi ba. Ki nemi mazarinta, da dutsen niƙa, da ƙoren da ta jera a ɗaki. Ki ɗora ƙwarya ɗaya a cinyar ƙawarta ki yi shiru. Na ga tsohuwar da ta ce ba ta tuna komai, da ta shafa ɗinkin wata fasasshiyar ƙwarya sai ga labarin yunwa, da tafasar da suka ci, da akuyar da aka sayar aka auno dawa. In ta fara waƙar daka, ki bar wayarki ta ɗauka har ƙarshe, bayan kin nemi izininta.

Ki ƙirga har 'ya'yan kakarki da suka rasu suna ƙanana, a hankali, cikin ladabi. Ita ba ta taɓa cire su daga lissafi ba.

Takardu su zo daga baya. A ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin haraji na gundumomi daga zamanin Turawa, masu bayyana amfanin gona da kasuwanni da yawan jama'a. Ba lalle ki ga sunanta ba, don magidanta aka fi rubutawa, amma za ki iya samun ƙauyenta da sunan dagacin zamaninta, sai ki koma wa tsofaffin da shi.