Kafin ka miƙa wa mai ƙungiyar nan kuɗinka, ƙanena, ka saurare ni

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, tun da na karanta tambayarka raina ke tafasa. Ka ce wata ƙaramar ƙungiyar tseren babura ta yi maka tayin gurbi a ajin Superstock, wato ajin baburan da ba a sauya su sosai daga yadda ake sayar da su ba, su kawo babur da bakanike, kai ka biya kuɗin kakar tseren gaba ɗaya, har kana shawarar sayar da motarka ka cike da bashin banki. Wallahi irin tayin da aka yi mini ke nan, kuma har yau ban gama farfaɗowa ba.

Ni ma da babur ɗina Yamaha R6 na fara a nan Ingila. Na yi lasisin ACU, hukumar tseren babura ta nan, na sa rigar nan ruwan lemo ta sababbin shiga, ina tseren kulob a filayen tsere na Cadwell Park da Snetterton, ina kwana a bayan mota. Abin na tafiya daidai gwargwado. Sai wani mai ƙungiya, ba zan kama suna ba, ya tare ni da romon baka: wai injin sabon haɗi ne, taya sabuwa kowane tsere, bakanike nawa ni kaɗai. Na kwashe abin da na tara da aikin dare a sito na danƙa masa. Ranar farko na tarar bakanike ɗaya ke hidimar babura uku, tayoyin da aka sa mini kuma gefensu ya riga ya yi shuɗi, ragowar waɗanda ɗansa ya yi amfani da su ne. Na ce injin nan yana wani ƙara idan ya ɗau zafi, ya dafa kafaɗata ya ce haka suke yi.

A miƙaƙƙen layin Snetterton abin ya faru, ina giyar ƙarshe na kwanta a kan tanki. Na ji wani ƙau a ƙasa, sai ɗumi a ƙafata ta dama, ashe baƙin mai ne ke tsiyaya kan takalmina da tayar baya. Ina taɓa birki bayan babur ya zame ya cilla ni sama. Ƙashin kafaɗa da wuyan hannu duk suka tafi. Amma ba karayar ce ta fi ci mini rai ba. Ina kwance a asibiti, ko riga ba na iya sawa da kaina, mutumin nan ya turo mini takardar kuɗin ɓarna, har da injin. Wai akwai layi a yarjejeniya da ya ce duk abin da ya lalace a hannun mahayi, mahayi ne zai biya. Bai zo duba ni ba, ko sannu a waya bai yi ba. Daga baya bakaniken da kansa ya gaya mini ba a buɗe injin nan ba tun kakar da ta wuce. R6 ɗin da nake ji da shi na sayar na biya, matata na kallona ta rasa abin cewa. Na bar shi da Allah, amma in na tuna dafa kafaɗar nan sai in ji abinci ya fita raina.

To kai, kafin ka sa hannu, ka ce a nuna maka takardar ranar da aka yi wa injin aiki da tafiyar da ya yi tun daga nan. Ka nemo wanda ya hau musu bara ka tambaye shi a keɓe. Kada ka biya kaka a dunƙule, ka biya zagaye-zagaye. Ka san dokar Superstock ba ta bari a taɓa injin sosai, don haka bambancin yana wurin saitin shokozoba da taya da mutumin da ya iya sauraron mahayi. In babu wannan mutumin, me kake saya? Fenti?

Kuma don Allah ka daina jin kunyar ƙananan aji. Masu ƙananan babura irin SV650 da CB500 a tseren kulob suna koyon shan kwana da wuce mutum fiye da mai babban babur da ke tsoron faɗuwa saboda bashi. Wanda ke lissafin kuɗin ɓarna a tsakiyar kwana ba zai taɓa yin gudu ba.

Ka ambaci Toprak Razgatlioglu, gwanin tseren babur ɗan Turkiyya, ni ma ina son yaron nan, birkinsa ba na mutane ba ne. Amma ka duba wa ke bayansa: Kenan Sofuoglu, wanda ya ci kambun duniya na ajin Supersport sau 5. Toprak ya ci Superstock 600 na Turai a 2015, ya shiga babbar gasar Superbike ta duniya a 2018, sai 2021 ya ɗau kambu da Yamaha. Jonathan Rea kuwa, wani gwanin Superbike, daga 2009 zuwa 2014 yana kan Honda bai ci kambu ba, yana komawa Kawasaki ya jera 6, daga 2015 zuwa 2020. Mutum ɗaya ne, abin hawa da mutanen gareji ne suka sauya. Ka ga ko gwanin gwanaye ba ya yi sai da ƙungiyar kirki, balle mu.

Af, inshorar da za ta riƙe ka idan ka kasa zuwa aiki, ka yi ta kafin ka sayi sabon salansa. Hular kwano da rigar fata mai jakar iska, kada ka yi musu rowa. Iyayenka ma ka gaya musu gaskiyar abin da kake yi, kada su fara ji daga asibiti. Motarka kuma ka bar ta, da ita za ka ja babur ɗinka zuwa fili.

Ka ɗauki hoton yarjejeniyar ka turo mini ta akwatin saƙo, musamman shafin da ya yi maganar ɓarna da injin. Zan karanta maka a daren nan in na taso daga aiki, in sha Allahu.